Kifin Ƙanƙara a Bahon Wankana

Ni dai tun ina yarinya ba na shiri da kifi. Ba rashin ci kawai ba, ƙyamarsa nake yi. A gidanmu a Kano in aka sayo kifi, ranar kwanona daban, cokalina daban, kuma ba na shan ruwa da kofin kowa. Sai ga shi Allah ya haɗa ni aure da ɗan masunta daga Yawuri. Da ƙawayena suka ji, har da masu riƙe ciki don dariya. Sai dai shi maigidan nawa tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, daga can jami'a, daga can Amurka, ruwan da ya sani bai wuce na famfo ba. In ya yi marmarin kifi sai in toshe hanci in yi masa irin nawa. In datse kai in jefar, in kwashe duk abin da ke ciki, in wanke da ruwan zafi da lemon tsami har sai ya daina ƙarni, sannan in soya shi ƙayau. Yana ci yana santi. Shekara da shekaru muna haka a gidanmu na can saman bene a titin Grand Concourse a Amurka, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Sai Baba ya zo, mahaifin maigidan. Ciwon ciki ne ya matsa masa, aka ce sai an yi aiki, ɗansa ya yi ta fafutuka har ya samu ya kawo shi. Ya sauka ana tsakiyar sanyi, irin wanda in ka fita sai ka ji haƙoranka na ciwo. Tsoho ne dogo, tafin hannunsa duk kanta saboda jan taru, ga shi bai daɗe da rasa matarsa ba, Inna, wadda ta haifi maigidana. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon tabarmar sallarsa. Ba ya kallon fuskata, ba na kallon tasa. In yana son wani abu ɗansa yake gaya wa, ko da kuwa ina tsaye a wurin da tire a hannu.

Matsalar ita ce Baba ba ya cin abinci. Babu abin da ban yi ba. Tuwon shinkafa miyar kuka, faten wake, kunun gyaɗa, farfesun kaza. Ya kai loma ɗaya ko biyu, ya ce alhamdu lillahi, ya rufe kwanon a hankali don kada in ji ƙarar murfin. Kullum rigarsa ƙara yi masa yawa take. Da suka koma asibiti, likita ta gaya wa maigidan gaskiya: ba za a taɓa tsohon nan da wuƙa ba sai ya yi ƙarfi, kuma in suka dawo ranar Alhamis ta sama bai fara ci ba, za a zura masa roba ta hanci a riƙa ɗura masa abinci. Da aka fassara wa Baba, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "In dai roba ce, ka maishe ni gida in mutu bakin gulbi."

Kuma duk mun san ba wasa yake ba. In aka mai da shi gida ba a yi aikin ba, to an gama magana.

Maigidan ya ce kifi ne maganin abin, mutumin da ya tashi a kan kifi ba zai rayu a kan kaza ba. Na ce to. Ya sayo na firiza a wani shagon kayan gida da ke Tremont, na gyara shi irin gyarana, na soya. Baba ya ɗan gutsura, ya ajiye, ya ce wa ɗansa shi ba ya iya cin kifin da ba a san ranar mutuwatai ba. Maigidan ya shiga jirgin ƙasa har wajen Canal Street, inda ake sayar da masu rai a cikin akwatin gilashi, ya riƙo leda tana motsi har gida. Na sake toshe hanci, na sake soyawa. Baba ya ce wannan kifin kurkuku ne, bai taɓa shan ruwan Allah ba. Wallahi ranar sai da na shiga ɗaki na yi ƙwafa ni kaɗai. Na ce a raina, tsoho da tsirfa, mutum yana bakin rami yana zaɓen kifi.

Ana cikin haka wani Bature abokin aikin maigidan ya ba shi labarin abin da yake yi ranakun hutu. Wai akwai wani tafki can arewa, tafiya mai nisa a mota, da sanyi yake daskarar da samansa har mutum ya yi tafiya a kai. Sai a huda ƙanƙarar, a zura fatsa ta ramin, a zauna a kan bokiti ana jira. Maigidan ya dawo gida idonsa na ƙyalli, wai ga kifin ruwan Allah ya samu. Na ce masa mutumin da ko a kwata bai taɓa kama kwaɗo ba shi ne zai je ya tsaya a kan ruwa? Ya ce abin a jini yake. Ya lallaɓi maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan Zangon Kumasi mai babbar mota, suka shirya ranar Asabar. Bayan sallar asuba suka fita, na cika musu flas da ruwan zafi don shayi da alwala. Sai da gari ya waye sosai na lura babbar kulata ba ta nan, wadda nake zuba zoɓo in kai taron suna da walimar Sallah. Ko tambayata bai yi ba.

Ana kiran magariba na ji hayaniya a matakala. Lifta ta lalace tun safe, ga su nan su biyu sun kinkimo kulata suna nishi, ruwa na ɗiga ta gefen murfin, sun jiƙe matakala tun daga ƙasa. Kafin su iso ƙofa warin ya riga su. Na ja mayafi na rufe hanci. Suka dire ta a tsakiyar kicin ɗina, na ga an naɗe murfin da salatif kamar kayan da za a aika gida.

Na ce, "Mene ne wannan kuma? Ruwan me ke ciki?"

Alhaji ya share gumi, a cikin wannan sanyin fa, ya ce, "Ei, Hajiya, ni ba ruwana. Bature ya gaya shi, ya ce a yanka su can, a sa snow, ƙanƙara ke nan, bisa, su zo gida fresh. Kowa haka yake yi. Mijinki ya ce a'a, tsoho yana so ya gani da rai. Ya cika kula da ruwan tafki."

Maigidan ya ce, "To da me? Ai gaskiya ce."

Alhaji ya ce, "Bari in gama. Mun tsaya hanya yin salla, ya buɗe, ya ga ƙanƙara kaɗan bisa ruwan. Ya ce sanyi zai kashe su. Ya juye musu ruwan flas duka, ya ce in ƙara hita, ya manne murfi."

Na tsaya ina kallon mijina, mutumin da ke da digiri har biyu. Na ce, "Sanyi? Kifin da kuka fasa ƙanƙara kuka zaro daga ƙarƙashinta, shi ka jiye wa sanyi? Ai da ka cire rigar sanyinka ka lulluɓa musu."

Ya sunkuya yana ɓare salatif. Da murfin ya ɗago, innalillahi! Ruwan ya zama toka-toka, ya yi kauri da yauƙi, ga kumfa a gefe. Kifayen sun juyo da cikinsu sama, fari fat, bakinsu a buɗe. Wasu ƙanana ne masu ruwan ɗorawa da zane baƙi a jiki, cikinsu ya kumbura. Kafin su mutu sun amayar da abin da suka ci, ga gutsattsarin 'yan mitsi-mitsin kifaye da suka fara narkewa suna yawo a saman ruwan. A kular zoɓona! Ɗumin hita ya haɗu da ƙarnin ya zama wani abu da ba shi da suna. Na ruga banɗaki, na yi ta kakarin amai har hawaye ya zubo mini. Alhaji ya ga abin ba na tsayawa ba ne, ya ce a gaida tsoho, ya sulale. Ko kifi ɗaya bai yarda ya ɗauka ba.

Ina wanke fuska sai ga maigidan ya bankaɗo ƙofar banɗakin, yana rungume da wani abu dogo yana ɗigar da yauƙi a kan dardumar ƙafa.

"Matsa, matsa! Ɗaya yana da rai! Toshe bahon ki buɗe ruwan sanyi!"

Kafin in ce a'a ya riga ya saka shi. Bahon da nake wanka a ciki, wurin da muke alwala. Kifi ne mai tsawon hannu, kore-kore, bakinsa shimfiɗaɗɗe irin na agwagwa, cike da haƙora. Ya kwanta a gefe ɗaya yana buɗe baki yana rufewa, can sai ya miƙe ya kaɗa wutsiya ya fantsamo mini ruwa a zani. Na yi tsalle na koma bakin ƙofa ina a'uziyya.

A nan ne na ji takun sanda a bayana. Baba ne. Tsohon da sai an roƙe shi yake tashi daga kan gado, ga shi ya fito da kansa, warin ne ya kira shi. Na raɓe jikin bango ya wuce. Ya dafa bakin bahon ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu a ruwan nan mai sanyin tsiya. Ban ga yadda aka yi ba, sai gani na yi kifin yana hannunsa, ya riƙe shi ta bayan kai, yana juya shi yana dubawa.

Ya ce wa ɗansa, "Kai ka kama shi?"

"Ni ne, Baba."

"To. Wanga ba mu da shi can gida."

Ya yi murmushi, na farko da na gani tun zuwansa. Ya karɓi muciyata da maigidan ya miƙo masa, muciyar tuwona, ya yi bisimilla ya kwaɗa wa kifin a ka. Jini ya tsiyaya a farin bahon. Ban hana su ba, don na ga tsohon ya miƙe tsaye bai nemi sanda ba sai da aka miƙa masa. Na ce a raina, in dai wannan ƙazantar za ta sa ya ci, to na yafe kula, na yafe muciya.

Na kori maigidan ya je ya goge matakala kafin mai kula da ginin ya hau kanmu. Ni kuwa na shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasan kicin, na sa safar roba, na ɗaura ɗankwali a hanci bayan na fesa masa turare. Wannan kuskure ne, don har yau in na ji ƙamshin turaren nan kifi nake tunawa, sai da na kyautar da kwalbar. Babban kifin yauƙi ne da shi kamar an kaɗa kuɓewa, in na riƙe ya suɓuce, in na danne ya zille. Ƙananan kuma ɓawonsu tauri, ina kankarewa yana fallatsa ko'ina, a bango, a girata, a kan murfin tukunya. Bayan sati guda sai da na tsinci ɗaya a gwangwanin sukari. Ƙayar bayansu ta huda safar ta soke ni a yatsa, ruwan kifin ya shiga ciki ya kwanta ɗumi-ɗumi a tafin hannuna.

Da na farka cikin na farko, wata jaka ta sulluɓo, cike da ƙwai ƙanana tsaba-tsaba, masu launin ruwan lemo, da jijiyoyin jini a jikinta. Kusan duk ƙananan haka suke. Sannan da na tsaga tsokar, sai na ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙwai a cikin naman. Na taɓa ɗaya da bakin wuƙa, ya motsa. Tsutsa! Na yi ihu na jefar da wuƙar. Maigidan ya shigo da gudu da tsumman goge-goge a hannu, ya kira Baturen nan a waya. Wai ba komai ba ne, haka kifin tafki yake, a cire da wuƙa, wuta tana kashe sauran. Ba komai ba ne! Tir. Haka na zauna ina ɗaga tsoka a fitila ina tsince tsutsa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma gogan naka yana tsaye a kaina yana ɗaukar babban kifin hoto zai tura wa 'yan'uwansa. Na ce masa in bai fitar mini da wayar nan daga kicin ba, da ita zan haɗa in soya.

Kawunan da ƙwan na tara a leda guda, hanjin na ƙudundune a jarida, na haɗa duka a babbar leda na ƙulle. Ba zan iya sauka da ita bola ta matakalar nan mai wari ba, kuma ba zan kwana da ita a gida ba. Sai na ɗaga tagar kicin na ajiye ta a kan matakalar ƙarfen da ke waje, sanyi ya ji da ita. Tsokar kuwa ta sha wanki. Ruwan zafi, gishiri, lemon tsami, na sake ɗauraye ta, na sake matsa lemo, har ta yi fari tas ba ka jin komai sai tsami. Bahon na wanke shi da duk wani sinadari da ke gidan, duk da haka ranar a tsaye na yi wanka da silifa a ƙafata.

Washegari Lahadi da hantsi na soya shi da citta da tafarnuwa, ya yi ja, ya yi kyau, na haɗa da tuwon shinkafa da miyar tattasai. Na kai falo na durƙusa na ajiye, na koma kicin na bar ƙofa a buɗe. Ina jin maigidan yana cewa, "Baba, ga shi. Ka gan shi da rai, da hannunka ka kashe shi."

Na ji ƙarar cokali sau ɗaya, ban ƙara jin ta ba. Na leƙa ta jikin ƙofa. Baba ya zuba wa farantin ido, da 'yar tsoka a yatsunsa yana juya ta. Wannan karon ba shi da laifin da zai ɗora wa kifin. Ya daɗe a haka. Can ya sunkuyar da kai wajen ɗansa, ya rage murya yadda yake zaton ba zan ji ba.

"Yaro, kifin ƙasar ga, ba su da kai ne?"

Maigidan ya ce, "Kai kuma, Baba?"

"Kai. Da ƙwai. Jiya na leƙa kular ga, na ga cikinsu cike. Kuma ruwan kifi ai shi ne kifi. Wanga an wanke shi har ya mance daga ina ya fito." Sai ya ƙara da sauri, "Kada ka faɗa mata. Ɗiyar mutane tana ƙoƙari."

Na jingina da firij. Ashe ba firiza ba ce, ba kurkuku ba ne. Tun ranar farko girkina ne ba ya shiga masa, amma kunyar suruka ta hana shi faɗa, ya gwammace ya yi ta zagin kifi yana ramewa. Saboda kunyar nan mijina ya je ya tsaya a kan ƙanƙara, aka kashe mini kula, na tsinci tsutsa. Raina ya ɓaci, kuma ba da tsohon ba. Maigidan na shigowa kicin na tare shi.

Na ce ƙasa-ƙasa, "Kai ɗan masunta ne ko ɗan me? Shekara nawa kana cin kifi ba kai a gidan nan, ba ka taɓa buɗe baki ka ce ga yadda ake yi a gidanku ba?"

Ya ce, "Wallahi na manta. Ni naki na saba da shi."

"Ka manta. Abin a jini yake, ko? Matsa mini."

Na ɗaga taga, iska ta mare ni, na jawo ledar. Ta daskare ta zama dunƙule guda. Na juye a roba na sakar mata ruwan sanyi, kawunan suka fara rabuwa da juna, idanu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna kallona. Abin da na ƙulle jiya da niyyar kada in ƙara ganinsa har abada, shi nake tsincewa da hannuna. Na zubar da ƙunshin hanjin, na ware ƙwan, na miƙa hannu zan ɗauki lemon tsami.

Sai na ji gyaran murya. Baba ne ya sa aka kawo masa kujera bakin ƙofar kicin, ya zauna ya ba ni gefe, yana fuskantar bango. Ga ni ga shi, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarsa, amma ɗansa ya yi wa magana.

"Ce mata ta aje lemun ga."

Maigidan ya juyo ya ce, "Wai ki ajiye lemon."

Na ce, "Na ji." Na ajiye.

"Ce mata ta cire jan abin ga na cikin kunne, shi ɗai. Ruwa guda ya isa. Kada ta fasa ƙwan."

Haka muka yi girkin nan mu uku, magana tana zagayawa ta bakin mutumin da bai san komai a kai ba. Na zura yatsa a kunnen kifi ina fizgo jan abin nan mai kama da tsefe, yana kartar mini fata. Ba suya, ba citta. Ruwa, albasa, barkono, gishiri, da daddawa mai yawa. Da tukunyar ta tafaso, warin ya cika gidan, ya shiga labule, ya shiga kayan da ke rataye, ya fita har baranda. Romon ya yi fari-fari da maiƙo a sama, idanun suka zama farare suka firfito, ƙwan ya ƙanƙame ya yi tauri. Sau biyu ina fita in kafa kai a taga in shaƙi iska in dawo. Baba kuwa na ga maƙogwaronsa yana motsi.

Na zuba a babban kwano na kai masa falo. Ban kai ga komawa kicin ba na ji ya fara. Ya ajiye cokali gefe, ya sa hannu. Ya ɗauki kan babban kifin ya ɓare shi, ya tsotse, yana fitar da ƙashi ɗaya-ɗaya yana jerawa a bakin tire. Ƙarar tsotsar nan, Allah ya sani, har cikin hanjina nake jin ta. Amma tuwo yana raguwa. Ya gutsuri ƙwai ya haɗa da loma, ya ɗaga kwanon ya kurɓi romo, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Maigidan yana zaune a ƙasa ya ƙi ko motsi, kada ya katse shi.

Sai na ji an ce, "Ɗiyata."

Na ɗauka kunnena ne. Tun da ya zo bai taɓa kirana kai tsaye ba.

"Ɗiyata, zo."

Na gyara mayafi na zo na durƙusa. Ya sa babban yatsa ya ƙwaƙulo idon kifin, fari, da wani abu mai yauƙi yana bin sa, ya miƙo mini. Kuma yana kallon fuskata. Na dubi maigidan neman ceto, munafukin ya sunkuyar da kai. Hannun Baba yana nan a miƙe, ɗayan hannun kuma ya janye shi daga kwanon, yana jira. Na gane in na ce na ƙoshi, zai ce alhamdu lillahi ya rufe kwanon nan a hankali kamar kullum.

Na sa hannu biyu na karɓa. Na yi bisimilla na jefa a baki. Ɗumi, santsi, ya fashe a kan harshena, a tsakiya kuma akwai wani ɗan ƙwallo mai tauri kamar tsakuwa a shinkafa. Duk jikina ya ce a'a. Na rufe ido na haɗiye, na ji saukarsa har ƙasa.

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "Madalla." Ya mai da hannu cikin kwanon, ya ce wa ɗansa a ƙaro tuwo.

Na tashi a hankali har na fita daga falon, sannan na ruga famfon kicin. Na kuskure baki, na tauna kanumfari, na sake kuskurewa, abin yana nan a maƙogwarona. Daga baya dai komai ya zo da sauƙi. Satin nan kullum sai na dafa kan kifi, har maigidan ya riƙa zuwa wajen masu kifi yana roƙon kawunan da wasu suka bari. Ranar Alhamis likita ba ta ƙara maganar roba ba, bayan wani lokaci aka yi aikin, Baba ya koma Yawuri da ƙafarsa. Kular na zubar, kuma har gobe ba na cin kifi. Amma a ranar ban san duk wannan ba, ina dai tsaye a kan famfo ina tofar da yawu, maigidan ya shigo ɗibar tuwo. Na buɗe baki zan sauke masa abin da ke raina, sai na ga idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Inna kaɗai yake ba wa idon kifi. Tun muna yara, ko mu ba ya ba mu."

Na karɓi kwanon daga hannunsa na zuba tuwon. Sai a lokacin na tuna yawan kawunan da na zuba a tukunyar nan, kuma kowanne da ido biyu.

Daga falo muryar Baba ta taso, ta fi ta ɗazu ƙarfi.

"Ɗiyata!"

Na tofar da kanumfarin, na goge bakina da gefen mayafi, na ɗauki tuwon na tafi.